Gishiri kaɗai ya isa ya tsare naman layya?

Kawu Idi: Jama'a, layya ta matso. Ina tuna muku, nama in ya sha gishirin Bilma sosai, babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikinshi. Ya fi firij, balle yadda wuta ke ɗaukewa.

Nana Hadiza: Kawu, a gafarce ni, rabin maganar ce daidai. Gishiri na janye ruwan jikin bakteriya, da yawansu su motse su daina hayayyafa. Amma wasu na da dabara. Da ƙwayar ta ji ruwa na fita, sai ta jawo sinadarin fotashiyom ciki, daga baya ta haɗa nata abin kariya, wani sukari mai suna tirehalos, ko wani sinadari mai suna ektowin, ko ta tsotso wani da ake kira betayin daga abin da take zaune a kai. Su ke riƙe mata ruwa ba tare da sun hana ta aiki ba.

Kawu Idi: Ɗiyata, kakanninmu da gishiri suka ajiye nama, wa ya mutu?

Malam Rabe: Ina bayan Kawu. Kilishin da ake kaiwa Yamai da Kano har wata yake yi lafiya lau.

Abdu: Kawu, ni aikin awon jini da fitsari nake. In muna son ware wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus, cikin abinci mai gishiri kashi 7.5 cikin ɗari muke shuka ta. Yawancin sauran ƙwayoyin su kasa, ita da danginta su tsiro. Kuma a hancin mutum da fatarshi take zama, hannun mai yanka ya isa ya kai ta ga nama. Abin da ya fi damuna, gubar da take saki ba ta mutuwa da dahuwa.

Hajiya Mariyama: Subhanallahi. To me ke tsare kilishi?

Nana Hadiza: Bushewa, Hajiya. An yanka shi siriri, rana ta shanye ruwan, an gasa. Dabarar ƙwayar tana da iyaka, in ruwa ya ƙare ƙaf ba ta iya hayayyafa. Inda nake jin tsoro shi ne tsoka mai kauri, gishiri a waje, danshi a ciki, ga damina a bakin ƙofa. Shi ektowin ɗin ma, a 1985 aka gano shi jikin wata ƙwaya ta tafkunan kanwa na Wadi Natrun a Masar. Halittar da ke rayuwa cikin ruwan kanwa, ikon Allah!

Malam Rabe: Waccan ta tafki ce, ba ta nama ba.

Abdu: Gaskiyarka Malam, waccan ba ta sa cuta. Amma ta hancin da na faɗa, betayin take tarawa.

Kawu Idi: Ni har yanzu gishiri ne babba wurina. Siririn yanka kuwa dama shi muka gada.

Hajiya Mariyama: Nawa dai suya zan yi mishi tun ranar, ya bushe ƙarau cikin mai.