Neman shawara: na tarar da tsutsa a hantar san da na yanka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da shiga fawa ba. Na yanka sa, da na tsaga hantar sai ga tsutsotsi masu faɗi kamar ganye a cikin jijiyoyin maɗaciya. Jijiyoyin sun yi fari, sun yi tauri har wuƙa na kartar su. Naman kuwa lafiya lau a ido. In sayar da hantar? Sauran naman fa?

Tsohon mahauci: Wa alaikumus salam. Ɗana, hantar nan ba ta sayarwa ba ce, kada asara ta ruɗe ka. Kira ma'aikacin duba nama ya gani. In san bai rame ba, naman kuma bai yi launin ɗorawa ba, galibi hantar kaɗai ake cirewa.

Likitan dabbobi: Gaskiyar Baba ce. Wannan ita ce tsutsar hanta, Fasciola. Ƙwanta yana fita cikin kashin dabba, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙananan dodon koɗi. Daga nan ya fito ya manne wa ciyawar bakin ruwa. Saniya ta ci, 'ya'yan tsutsar su huda hanji, su ratsa hanta makonni suna ɓarna, kafin su zauna a jijiyoyin maɗaciya suna shan jini. Taurin da ka ji tabon daɗewarsu ne. Mutum ma yana kamuwa, amma ta ɗanyen ganyen da ya tsiro a ruwa ko shan ruwan da ya gurɓata. Ita hantar ana hana ta ne domin ta lalace.

Makiyayi: Likita, shanuna suna ramewa, haɓarsu na kumbura, nono ya ragu. Ivermectin nake yi musu.

Likitan dabbobi: Malam, ivermectin shi kaɗai ba ya kashe tsutsar hanta. Albendazole manya kawai yake kashewa, triclabendazole ne ke kama har ƙananan. A fara gwada kashinsu, a ba da maganin daidai nauyin dabba, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin yanka ko shan nono. In ana ci gaba da kiwo a fadama mai kwantaccen ruwa, za su sake ɗauka.

Mai tambaya: Na gode. To in jefa wa karnuka hantar?

Likitan dabbobi: A'a, binne ta da zurfi ko ka ƙona. Hanta mai cuta tana iya zuwa da ƙullutun ruwa na wata tsutsar daban, wadda kare ke ɗauka ya yaɗa wa mutane da dabbobi ta kashinsa.