Yawon waƙoƙin Kirsimeti gida-gida: shawarwarin masu hidimar

Waɗanda suka daɗe suna jagorantar mawaƙan ikkilisiya a ƙananan garuruwa sun ce a fara gwaji makonni 4 kafin 25 ga Disamba, kuma kada waƙoƙin su wuce 6. Idan suka yi yawa, baitin farko ne kawai ke fita da ƙarfi, a na biyu kowa sai leƙen takardar na kusa da shi. A buga kalmomin da manyan haruffa, kowane mutum biyu su riƙe tocila ɗaya.

Mutum 8 zuwa 12 sun isa ƙungiya, domin fiye da haka ɗakin majinyaci ba ya ɗauka. A zauna da fasto da dattawa a tsara jerin gidaje, a fara da tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda aka yi wa rasuwa a bana, tun ba su kwanta ba. A sanar da kowane gida tun da kwana biyu. Minti 10 ya wadatar: waƙa biyu, ɗan karatu daga Luka sura 2 a Littafi Mai Tsarki, sai gajeriyar addu'a. Wanda bai so ba, a yi masa godiya a wuce.

An ɗan saɓa kan kuɗi. Mafi yawa sun ce kada a roƙa. Abin da aka bayar, mutum biyu su ƙirga su rubuta.

Sakacin da ya fi ciwo yana zuwa bayan biki. Mutum ɗaya ya riƙa rubuta buƙatun da aka gani, kamar maganin da ya ƙare ko rufin da ke yoyo, a miƙa wa dattawa, a koma gidajen cikin Janairu.