Wa ya kalli Snowdrop? A ba ni shawara kafin in goge hotunan biki

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. Jiya na je wajen mai tura finafinai na bakin layinmu, na ce ina son na Koriya mai soyayya da leƙen asiri, ya ce in karɓi Snowdrop. Kashi 16 ne, kowanne kusan awa ɗaya da rabi, wayata kuma ta cika maƙil. Kafin in goge hotunan bikin yayata saboda shi, wanda ya kalla ya gaya min tsakani da Allah.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ummi kina da hawan jini?

Ummi: Lafiyata ƙalau Anti 😂

Maman Hanif: To karɓi. Ni dai a kansa na ƙona miyar kuɓewa, tukunya guda, har da naman da Baban Hanif ya sayo da safe. Na jingine waya a jikin gwangwanin gishiri ina kallo ina kaɗawa, ban san sanda na daina kaɗawar ba. Sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar ko gobara ce.

Zainab: Karɓi Ummi, kar ki tsaya wata-wata. Jisoo ta ƙungiyar mawaƙan Koriya Blackpink ce jarumar, kuma shi ne karo na farko da ta ja babban fim. Sunanta a ciki Young-ro, ɗaliba a jami'ar mata a Seoul, shekarar 1987. Jung Hae-in shi ne Soo-ho. Sun fara haɗuwa a wani shagon shan kofi inda aka shirya wa samari da 'yan mata zaman ganin juna. Shi yana can yana jera tsinken ashana ɗaya kan ɗaya kamar mai gini, ginin ya tashi rushewa, ita kuma ta kai hannu ta tare. Wallahi daga wannan ashanar na san na shiga uku. Bayan wata shida sai ga shi ya faɗo ɗakinsu na kwanan ɗalibai, ɗaki mai lamba 207, jina-jina, jami'an tsaro na biye da shi. Ta ɓoye shi tana zaton ɗalibi ne mai zanga-zanga.

Ummi: Ashe ba shi ba ne?

Zainab: Ɗan leƙen asirin Koriya ta Arewa ne. Wannan ba sirri ba ne, tun da wuri ake nuna miki. Ita kuma babanta shi ne shugaban hukumar leƙen asirin Kudu. Ki haɗa lissafin da kanki.

Sadiq: Ni ban ga abin wahalar da kai ba. A sa mutum ya yi kwanaki yana bin fim, a ƙarshe a bindige jarumin a bar yarinya da kaset tana saurare tana kuka.

Zainab: SADIQ!!!

Ummi: Innalillahi. Yaya Sadiq me na yi maka?

Hajiya Turai: Sadiq, dokar zauren nan tun ran da aka buɗe shi ita ce ba a faɗin ƙarshen fim sai an yi gargaɗi. Wannan na biyu ke nan, ka yi mana haka a kan fim ɗin Iris bara. Ka goge.

Sadiq: Na goge Hajiya, a yi haƙuri. Amma ai ta riga ta gani.

Maman Hanif: Bar shi Ummi, bai rage masa armashi ba. Duk mai hankali tun kashi na 5 ya san wannan soyayyar ba mai zuwa ɗaurin aure ba ce. Abin kallon shi ne yadda za a kai can.

Anti Bilki: Ni zan faɗi nawa ko Zainab za ta ji haushi. Farkonsa zuma ne, kashi huɗun nan na farko ba ni da abin cewa: shewar 'yan mata a ɗaki, uwar ɗakin kwanan nan mai fuskar shanu da kowa ke tsoro, yadda suke satar kai masa abinci. Amma daga inda ya ɗauki bindiga ya yi garkuwa da ɗaliban, sai fim ya tsugunna a gini ɗaya ya ƙi tashi. Yau a yi yunƙurin gudu a kama, gobe a yi waya da manya, jibi a sake. Da kashi 12 aka yi shi da ya fi. Sannan ni abin da ya tsaya min a rai, mutum ya ɗora miki bindiga a ka gaban ƙawayenki, a ce kuma zuciya ba ta daina bugawa dominsa ba? A fim dai.

Zainab: Anti ai ba da son ransa ba ne, ƙanwarsa na hannunsu a Arewa.

Anti Bilki: Kowane mugu da hujjarsa 'yar nan.

Malam Habu: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aji na tarar da saƙo sittin. Ummi, bari in yi miki shimfiɗa, don in ba ki san 1987 ba za ki ɗauka rikicin masoya ne kawai, ba za ki gane dalilin da 'yan Koriya suka tayar da jijiyar wuya a kan fim ɗin ba.

A lokacin Janar Chun Doo-hwan ke mulki. Soja ne da ya ƙwaci iko bayan kashe Shugaba Park Chung-hee a 1979, kuma a hannunsa aka murƙushe mutanen birnin Gwangju a 1980. A Janairun 1987 wani ɗalibi, Park Jong-chul, ya mutu a hannun 'yan sanda suna dulmiya kansa a ruwa don ya faɗi inda wani abokin gwagwarmayarsa ya ɓuya. Da aka tambaye su sai suka ce wai tebur suka buga, yaro ya razana ya faɗi matacce. A watan Yuni kuma gwangwanin barkonon tsohuwa ya sami Lee Han-yeol, ɗalibin jami'ar Yonsei, a ka, ya rasu a Yuli. Gari ya rikice, ma'aikatan ofis ma suka fito titi, har ranar 29 ga Yuni aka amince jama'a su zaɓi shugabansu kai tsaye.

To ga inda gizo ke saƙar. A wancan zamani in hukuma na son gamawa da ɗalibi mai baki, sai ta laƙa masa sharrin cewa ɗan leƙen asirin Arewa ne. An azabtar da mutane a kan wannan ƙage, wasu sai bayan shekaru masu yawa kotu ta wanke su, wasu sun riga sun mutu. Sai ga fim ya kawo ɗan leƙen asiri na gaske, ɗalibai sun ɓoye shi a matsayin ɗan gwagwarmaya. Waɗanda aka yi wa abin suka ji kamar an ce musu ashe dai azzaluman sun yi gaskiya. Da aka fara haska shi a tashar JTBC ranar 18 ga Disamba 2021, sama da mutum 300,000 suka sa hannu a takardar koke zuwa fadar shugaban ƙasa cewa a dakatar, kamfanoni da dama suka janye tallarsu. Tun kafin a fara ma sai da aka sauya sunan jarumar daga Young-cho zuwa Young-ro, saboda na farkon ya yi daidai da na wata 'yar gwagwarmaya ta gaske, Chun Young-cho. An kai ƙara, kotu ta ƙi dakatar da shi, ya ci gaba har 30 ga Janairu 2022.

Ummi: Ikon Allah. Malam to kai a ganinka sun yi gaskiya?

Malam Habu: Rabi da rabi. Wanda ya kalla har ƙarshe ya san ba a yi wa hukumar kwalliya ba. An nuna manyan Kudu da na Arewa sun haɗa baki a ɓoye don jam'iyya mai mulki ta ci zaɓe, a shirye suke a hallaka 'ya'yan mutane in dai kujera za ta tsira. Amma kuma an ba wa wani jami'insu, Kang-moo, halin kirki da riƙon gaskiya, kuma wanda aka taɓa rataye ubansa a ɗakin tambaya ba zai ji daɗin wannan ba. Ni ba a taɓa min kowa ba, shi ya sa yake min sauƙin cewa ai fim ne.

Kuma tsoratar da masu zaɓe da Arewa ba ƙirƙirar marubuciya ba ce. Ranar 29 ga Nuwamba 1987 'yan leƙen asirin Arewa suka tarwatsa jirgin saman Koriya ta Kudu mai lamba 858, mutum 115 suka mutu. Matar da aka kama, Kim Hyon-hui, an sauke ta a Seoul ana gobe zaɓe. Ranar 16 ga Disamba Roh Tae-woo, abokin Chun, ya ci da ƙasa da kashi 37 cikin ɗari, saboda 'yan adawa biyu, Kim Young-sam da Kim Dae-jung, sun ƙi janye wa juna.

Sadiq: Malam wannan na ƙarshen kamar na taɓa jin irinsa a wani wuri 😅

Hajiya Turai: Ban da siyasa.

Maman Hanif: Ni matan manyan nan ne suka kashe ni da dariya. Miji na ofis yana shirya makirci, su suna can suna gasar sutura da zaryar gidan boka don mijinsu ya zama shugaban ƙasa. Na ce ashe abin ba a nan kaɗai ba ne.

Fati Maraɗi: Sannunku. Ummi in ba ki son kuka, bar Snowdrop ki nemi My Secret Terrius na 2018. So Ji-sub ne, gawurtaccen jami'in leƙen asiri da ya ɓuya a wani gidan bene, ƙaddara ta mayar da shi mai rainon tagwayen maƙwabciyarsa da mijinta ya rasu. Mutumin da bai tsoron bindiga, yara biyu sun sa shi haki. Abin da na fi so shi ne matan unguwar suna da zaurensu a waya irin namu, in abu ya faru kafin hukuma ta farga sun gano wa ya shigo, wace mota ya hau, ina ya nufa.

Anti Bilki: Wato irin Maman Hanif.

Maman Hanif: Allah ya isa Bilki 😂

Sadiq: In leƙen asiri na gaske take so, Iris ne uban tafiya. 2009, kashi 20, Lee Byung-hun da Kim Tae-hee. An ɗauka a Hungari, an ɗauka a Akita ta Japan cikin ƙanƙara, ga musayar wuta a tsakiyar Seoul. Shi ba a ɗaki ɗaya ake kulle ka ba. Ƙarshensa kuwa...

Hajiya Turai: Sadiq.

Sadiq: Na yi shiru.

Anti Bilki: A Iris ni ba jarumar ce ta burge ni ba, Kim So-yeon ce, 'yar Arewan nan da aka turo ta kashe shi ta ɓige da sonsa, tana sane ba ita yake so ba. Ita ta ɗauki fim ɗin a kai. Sai dai hoton ya tsufa, wayoyinsu ma za su ba ki dariya.

Zainab: Vagabond fa? Lee Seung-gi da Suzy, 2019. Jirgi ya faɗi a hanyar Maroko da ɗan ɗan'uwansa a ciki, ya bi sawu.

Fati Maraɗi: Kada ki soma Ummi. Gudu da faɗa kam akwai, amma soyayyar ɗigo-ɗigo ce, kuma an yanke shi a tsakiyar magana kamar an ɗauke wuta. Mun yi jiran zango na biyu har mun gaji.

Maman Hanif: Healer ne maganin wanda Snowdrop ya ji wa ciwo. Ji Chang-wook da Park Min-young, kashi 20. Ba ɗan leƙen asirin gwamnati ba ne, ɗan aiken dare ne da ake biya ya sato bayani, amma ɓoye kama da bin rufin gidaje duk akwai. Za ki kwanta da murmushi.

Ummi: To na gode ƙwarai. Na yanke shawara: Snowdrop tukuna tunda Malam ya yi min karatu kyauta, Healer ya biyo baya ya wanke min ido. Hotunan biki zan tura wa Yaya ta ajiye kayanta.

Malam Habu: Ki duba fassarar kafin ki bar shagon. Akwai mai rubutun da ke riga magana fitowa, kina ganin amsa kafin a yi tambaya.

Hajiya Turai: Kuma ban da kallo bayan sha biyu, kina da jarrabawa ran Litinin. Mamanki ƙawata ce.

Ummi: In sha Allahu Hajiya, kashi ɗaya kullum.

Ummi: Anti Bilki kina kusa? Na kai inda ya ɗora mata bindiga. Na fasa, ba na sonsa.

Ummi: Ya ɗaure mata ciwon hannu... to ban sani ba kuma.

Hajiya Turai: Ummi, ƙarfe biyu da kwata na dare. Kashi na nawa ke nan?

Ummi: Na bakwai Hajiya. Don Allah kar ki gaya wa Mama.