Abin da aka ce kan ganin likitan ƙwaƙwalwa don barin giya

Jama'a, muhawarar da aka yi kan ko mai son barin giya ya ga likitan ƙwaƙwalwa ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan baki ya zo ɗaya: wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Rawar hannu da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wasu kuma bayan kwana 2 zuwa 3 su shiga ruɗewa da gane-gane, abin da kan kai ga rasa rai. Likita tukuna. An ambaci sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, da asibitin Barnawa a Kaduna.

2. Zaman shawara da likita ba wa'azi ba ne. Ana tono abin da ke ingiza mutum ne: ranar albashi, majalisar abokai a Sabon Gari, rigimar gida, rashin barci. Sai a tsara abin da zai yi idan ƙishirwar ta taso bayan magariba, ko da sauya hanyar komawa gida ce.

3. An rabu kan malamai. Wasu sun ce tuba da addu'a sun wadatar, mafi yawa suka ce a haɗa da asibiti. Ni dai ina bayan na biyun.

4. Sanar da iyali ma an ja daga. Masu tsoron a ce "ya haukace" sun fi son sirri. Wasu suka ce a samu mutum ɗaya, matarsa ko wansa, mai rakiya.

5. Wanda ya koma sha, ya je zama na gaba ya faɗa wa likitan gaskiya.