Injin yana rawa idan ya yi sanyi, an kuma ce in canza koyil duka shida

Nasiru ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da motar tsere ƙirar Jamus ta shekarar 2004, mai silinda shida. Kusan mako uku ke nan idan na tayar da ita da safe injin yana rawa har sitiyari ya ɗauka, sai ya ɗan lafa bayan ya yi zafi, amma da zarar na taka totur da ƙarfi sai fitilar gargaɗin inji ta riƙa ƙyaftawa. Bakaniken da na kai wa ya saka na'urar gwaji, ta nuna P0305, nan take ya ce a canza koyil (abin da ke ba fulogi wuta) shida da fulogi shida. Shin wannan shawara daidai ce? Kuma ta yaya zan samo na asali ba tare da an haɗa ni da jabu ba?

Injiniya Bashir ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin komai, ka daina taka motar da ƙarfi, domin ƙyaftawar fitilar na nufin ɗanyen fetur yana wucewa cikin salansa, inda zai iya ƙona matatar hayaƙi, ita kuwa ta fi koyil shidan tsada nesa ba kusa ba.

Lambar P0305 ta ce silinda ta biyar ce ba ta ƙona mai yadda ya kamata, amma ba ta faɗi dalili ba. Abin da nake yi shi ne in ciro koyil ɗin silinda ta biyar in musanya shi da na ta huɗu, in goge lambar, in sake tayar da injin da sanyinsa. Idan lambar ta koma P0304, wato matsalar ta bi shi zuwa silinda ta huɗu, to koyil ɗin ne. Idan ta tsaya inda take, sai a yi wa fulogi irin wannan musayar, daga nan a duba nozul mai fesa fetur, a ƙarshe a auna matsin iskar silindar. Ka haska jikin koyil ɗin da tocila ma, domin zafin inji kan tsaga robarsa siririyar tsaga kamar gashi, danshi ya shiga, shi ya sa matsalar ta fi tsanani da safe.

Hajiya Rabi ta amsa:

Ni zan tsaya kan batun kaya. Kada ka nema da sunan mota da shekara kawai, domin akan canza kaya a tsakiyar shekarar ƙira. Ka bayar da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, sannan ka karanta lambar da ke jikin tsohon koyil ɗin ka gwada su. Ka kuma sani kamfanonin motoci ba su ke ƙera yawancin waɗannan ƙananan kaya ba. Irin su Bosch da Beru da NGK ne ke yi musu, don haka sau da yawa kaya ɗaya ne a kwali biyu.  Koyil na hannu dai ban yarda da shi ba, tunda shekarunsa ɗaya da wanda ya mutu.

Injiniya Bashir ya ƙara da cewa:

Hajiya ta yi gaskiya. Sai dai in yi wa bakanikenka adalci: idan koyil ɗin duk na farko ne tun daga masana'anta, canza su tare ba laifi ba ne, amma bayan gwaji ya tabbatar.

Nasiru ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Mun yi musayar jiya, lambar ta koma P0304, kuma mun ga tsagar a gefen koyil ɗin. Na aika da lambar shasi, ina jiran a tabbatar mini da lambar kayan kafin in biya.