Idan mutum ya ji rauni kuma radiyeshan ya taɓa shi, wane magani ake ba shi?

Ɗan_Yanbu:
Slm ƴan uwa. Ina aiki a wata sharika nan Yanbu da masu ɗaukar hoton waldar bututu, na'urar tasu tana da iridiyom 192 mai fitar da radiyeshan a ciki, mu ne ke ja igiya mu kafa alamar kar a matso. To mai koya mana tsaro ya ce in ƙarfe ya yanke ka ko wuta ta ƙona ka kuma radiyeshan ya same ka lokaci ɗaya, abin ya fi muni sosai. Wani abokin aikina kuma ya dage wai mu sayi ƙwayar ayodin a saidaliyya mu ajiye shi ke nan. Don Allah masu sani, gsky ne? wlh abin na damuna, ina da iyali a gida.

Maman Hanan:
Wslm ƙanena. Ni nas ce a Jidda, ɓangaren masu cutar jini. Ƙwayar ayodin ba ta da abin da za ta yi maka a nan, aikinta kawai ta kare tayirod, wannan da ke gaban wuya, daga ayodin mai radiyeshan irin wanda ya bazu a hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986. Iridiyom ba ruwansa da ita.

Abin da ya sa haɗin ya yi muni, radiyeshan mai yawa ɓargo yake fara kashewa, kuma ɓargo ne ke ƙera fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da zubar jini, to ka ga ga fata a buɗe ga sojojin jiki sun ƙare, ciwon da da sati biyu zai warke sai ya ƙi rufewa ya ruɓe ƙwayoyin cuta su shiga jini. A Chernobyl ɗin mutum 134 suka kamu da ciwon radiyeshan mai tsanani, 28 suka rasu cikin watannin farko, kuma da yawansu ƙunar fata ce ta haɗu da mutuwar ɓargo.

Maganin da ake yi allura ce mai tayar da ɓargo, filgrastim, wato Neupogen, wadda muke yi wa masu cutar kansa bayan kemo a ƙarƙashin fatar ciki. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don radiyeshan a 2015, tare da ƴar uwarta Neulasta, sai Leukine a 2018, sai Nplate a 2021 saboda zubar jini. Ana haɗawa da antibayotik da ƙarin ruwa da ƙarin jini. Mai rauni kuma ana fara masa allurar da wuri, ko da radiyeshan da ya sha bai kai wanda ake fara wa marar rauni allura a kai ba.

Baffa Madina:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ni na taɓa jin wani magani shuɗi, shi fa?

Maman Hanan:
Amin Baffa. Shi ne Prussian blue, na wanda siziyom 137, wani sinadari mai radiyeshan, ya shiga cikinsa ne, yana kama shi a hanji ya fita ta bayan gida. An yi amfani da shi a Goyaniya ta Barazil a 1987 da masu gwangwan suka fasa tsohuwar na'urar asibiti ta gasa cutar kansa, mutum 4 suka mutu. Masu aikin sikirab su kula da wannan don Allah.

Abu_Sadiq:
Ni ɗakin tiyata nake aiki a Riyad, bari in ƙara abu ɗaya da ake mantawa. Lokaci. In za a yi tiyata ko ɗinki to a yi cikin awa 36 zuwa 48 na farko kafin jini ya faɗi, in an wuce sai a jira makonni ɓargo ya farfaɗo. Kuma a wurin hatsari raunin ake fara bi, a tsayar da jini, a kira is'af, wato motar asibiti, a 997, cire tufafi kaɗai na kawar da mafi yawan ƙura mai radiyeshan in akwai, sai a wanke ciwon da ruwan gishiri na asibiti. Ɗan Yanbu, in abu ya faru ka riƙe lokacin da amai ya fara ka faɗa wa likita, wanda ya yi amai cikin awa ɗaya ya sha radiyeshan da yawa, kuma ka miƙa musu bajen auna radiyeshan da ke maƙale a rigarka.

Ɗan_Yanbu:
Na gode ƙwarai Anti, na gode Malam. Bajen nan wasunmu a mota suke barinsa saboda zafi, gobe in sha Allahu zan yi wa mushrif, shugabanmu na wurin aiki, magana a kai.