"Hangen Dala ba shiga birni ba": ta hau kan masu hutu a jirgin ruwa?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Yayana ne ya ce bana iyali zai kai hutu a ƙaton jirgin ruwan nan na shaƙatawa, mako guda a Bahar Rum, a tashi daga Basalona, kusan kullum a wayi gari a wani birni. Ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Baffanmu ya ce masa hangen Dala ba shiga birni ba. Har yanzu musu suke. Karin maganar Baffa ta hau nan kuwa?

Malamin Gwale: Wa alaikumus salam. Ni ban ga ta hau ba. Fatake ne in sun hango dutsen Dala daga nesa sai su ɗauka an iso, alhali da sauran tafiya kafin ƙofar gari. Wanda ya fara murna tun abu bai zo hannu ba ake faɗa wa, irin mai lissafin riba kaya na kan hanya. Yayanka kuwa zai sauka ya taka ƙasar da ƙafarsa. Ai ya shiga birni.

Hajiyar Fagge: Allah ya gafarta Malam, shiga suna ta tara. Na yi irin tafiyar nan. Jirgi ya tsaya da safe, kafin dare ya ɗaga, in ka makara a yawonka sai dai ka bi shi tasha ta gaba da kuɗinka. A takarda an rubuta Roma, amma a tashar garin Cibitabekiya ake tsayawa, tafiyar fiye da awa guda a mota. Ka je a guje, ka ɗau hoto, ka dawo a guje. Baƙon da aka leƙa da shi Gidan Makama da Kurmi tsakanin azahar da la'asar, zai ce ya san Kano? Baffa ya yi gaskiya.

Amma fa na ji daɗi, kar a ce ban faɗa ba. Sau ɗaya na kwance akwati, ba neman masauki, abinci yana cikin kuɗin tikiti. Ga mai yara ko tsohuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne intanet da lemo da tukwicin ma'aikata duk daban ake biya, ɗaki mai araha kuma ko taga babu. Nama sai na tambaya, yawanci kifi na ci. Alƙibla ma in jirgi ya juya sai an sake dubawa.

Ɗan Kurmi: Ku duk biranen bakin teku kuke kallo. Jirgin ai shi ne birnin. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 daga Miyami tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Wasu ko sauka ba sa yi. Wanda ya biya don wurin wanka da iskar teku, wace Dala ya hango?

Mai Shayin Ƙofar Mata: Ni tawa ita ce iya ruwa fidda kai. Jirgin Costa Concordia ya daki dutse a gaɓar Italiya a 2012, mutum 32 suka rasu. Jirgin Diamond Princess aka tsare a Yokohama ta Japan a 2020 da mutane kusan 3,700, sama da 700 suka kamu da korona. Mu da madatsar ruwan Tiga ce tekunmu!

Malamin Gwale: Wannan ma ka ja ta inda ba ta je ba, ɗana. Maganar gwaninta take yi, cewa gwani shi ne wanda ya fitar da kansa, ba tsoratarwa ba ce. Hajiya kuma na ji hujjarki, sai dai wanda ya yi awa shida a gari bai hanga ba, ya leƙa ne. Ku nemo wadda ta dace da leƙe.

Hajiyar Fagge: Malam, har in samo, ta Baffa zan riƙe.

Ɗan Kwari: Na gode. Hajiya, bizar Shengen guda, ta shiga ƙasashen Turai, ta ishe ki duk tashoshin? Yaya ya fara tunanin wanda ke tashi daga Jidda cikin Bahar Maliya, ko ya haɗa da Umara.